Zauren da Ruwa Bai Kayar Ba

Zaitawa, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ki Abuja lafiya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin bautar ƙasar da za ki yi. Na ba Innarku takardar nan na ce ta cusa miki ita a jakar hannu, ta kuma gaya miki ki karanta a mota. Kada ki ce sai kin huta. Ki gama da ita kafin ki taka ƙofar gidan Baffanki Kabiru.

Kin san ba na iya zama da ke mu yi doguwar magana. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan a kaina, ko sunanki ban taɓa kamawa da bakina ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni dai ga shi a ranar nake fafe nawa, kuma ba don ina so ba.

Ga abin da ya sa. In kin shiga falon Baffanki za ki ga wani tsohon faranti na ƙarfe, irin mai fenti da fure a tsakiya, an sa shi cikin gilas an rataye a bango. Na san halinki sarai, ba za ki ko ajiye jaka ba sai kin tambayi labarinsa. Baffanki kuma, duk abin da nake ji game da shi, ba ya ƙarya. Gara ki ji daga wurina. Zauren gidanmu ba ruwan sama ne ya kayar da shi ba, kamar yadda na gaya miki tun kina firamare. Ni na rushe shi, da hankalina, da rana tsaka, a lokacin da ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Abin da ya sa ni kuwa ƙyashi ne, ƙyashin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba ki san zauren ba, kina goye aka yi abin. Kakanki Malam Ado magini, wanda muke kira Baba, shi ya gina shi da hannunsa bayan ya auri Hajiya mai sunanki. Ya gina wa mutane da yawa a Zaitawa da Shahuci, amma nasa ya fi ƙawatawa, don ba mai tsaya masa a ka yana cewa a yi sauri. Bakan gizo huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, a daidai mahaɗar tasu kuma ya manna farantin nan, wanda ya roƙa daga cikin jeren Hajiya. A waje ga zankaye a saman kusurwa, ga dakali hagu da dama. Ko a tsakiyar bazara, in ka shigo daga rana ka zauna a ciki sai ka ji kamar an tsoma ka a randa. A nan na kafa kekena na ɗinki shekara da shekaru, a nan muka yi karatun allo ni da Kabiru, a nan muke kwanciya rigingine muna kallon farantin har barci ya kwashe mu bayan azahar.

Baba ya rasu, Kabiru ya yi boko ya samu aiki a Abuja, ni na tsaya a kan allura da zare. Ban taɓa jin komai ba, wallahi, har sai da ya gina gida ya aiko ya ce, "Yaya, ka zo ka kwana biyu ka sa wa gidan albarka." Na tafi ranar Juma'a na dawo ranar Lahadi. Kwana biyu kacal, Ummi, amma har yau ban gama dawowa daidai ba.

Na tafi da babbar rigata fara, mai aska biyu, wadda na yi wata huɗu ina yi wa aiki da hannu. A Zaitawa in na sa ta har leƙowa ake yi. Ranar Asabar da hantsi Kabiru ya ɗauke ni a mota ya ce bari ya nuna min gari. Kai! Titi kamar an shimfiɗa shadda an goge. Gine-gine na gilas tun daga ƙasa har inda wuya zai ƙage, wani a tsaye ƙyam, wani an lanƙwasa shi kamar ƙahon sa. Mutanen kuma kowa tsaf. Samari da kaftani ɗamamme, wando iya idon sawu, an kafa hula a gaban goshi, baƙin tabarau, mukullin mota na rawa a yatsa. Mata kuwa gyale da jaka da takalmi duk launi ɗaya. Ni tela ne, ba na iya kallon mutum ban auna shi ba, sai na yi ta auna su ina auna kaina. Rigata da nake taƙama da ita sai na ji ta yi min nauyi, kamar na yafo tabarma.

A ƙofar wani katafaren kanti wani mutum cikin kwat ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya kama hannun rigar yana shafa aikin. Ya ce, "Malam, don Allah wa ya yi maka wannan?" Na fizge hannuna na ce, "A ƙauyenmu aka yi." Mutumin ya yi sororo, ya ce a yi haƙuri, ya wuce. Kabiru ya ce, "Haba Yaya, so yake fa ya ba ka aiki." Na ce masa ban zo Abuja talla ba. Da na dawo gida na ninke rigar na kai ta ƙasan akwati, na sayi keken aiki na zamani, na daina aikin hannu gaba ɗaya. Yanzu ga shi samari suna zuwa shago suna neman aikin hannu ruwa a jallo, ni kuma idona ya ƙi, ko zare ba na iya zurawa sai da tabarau biyu.

To ki ji na farko. In an yabe ki, ki ce na gode, ki yi shiru. Kada ki tsaya tonon yabo kina neman kunama a ƙarƙashinsa. Wanda ya riga ya raina kansa, ko addu'a aka yi masa zagi yake ji. Atamfofin da na ɗinka miki guda biyar ɗin nan ki sa su ki fita da ƙarfinki. Za ki ga waɗanda suka fi su tsada, babu shakka, amma na duba kowane ɗinki sau biyu, babu inda za su ba ki kunya.

Muka shiga kantin. Ƙofa ta buɗe da kanta ba wanda ya taɓa ta, sanyi ya buge ni. Akwai matakala mai tafiya da kanta, na tsaya a bakinta ina ɗaga ƙafa ina mayarwa, mutane suna ratse ni. Kabiru ya kama hannuna ya ce, "Taka kawai, Yaya." Wannan Kabirun da na goya a bayana na kai shi kallon rini, wanda na koya wa ɗaura tazuge, yau shi ke riƙe da hannuna a gaban jama'a. Shi da zuciya ɗaya ya yi. Ni kuwa da muka isa sama ji na yi kamar in tura shi.

A saman akwai shagon wani tela. Wai tela! Gaban shagon gilas ne, fitilu kamar gidan biki, an sa wa gumaka kaftani sun tsaya suna kallon mutane. Na shiga, na kama gefen wata riga na juya bayanta, kamar yadda kowane tela yake yi. Ummi, ɗinkin ya karkace. Zaren a sake, an bar bakin yadi ba a kalmashe ba, wanki uku ya ishe ta. Ni da ido a rufe ba zan yi wannan ba. Na gani da idona, na taɓa da hannuna, amma duk da haka na fito zuciyata tana cewa, wannan yana cikin gilas, kai kana zauren ƙasa kana korar awaki. Abin da har gobe yake ba ni mamaki ke nan, na ga gaskiya ƙiri-ƙiri na ƙi ɗaukarta.

Ke da kika karanta zanen gine-gine, wannan naki ne. Duk ginin da ya burge ki a garin nan, ki juya bayan ɗinkinsa. Ki zagaya ta baya ki ga inda ruwa yake bi in an yi sama. Ki tambayi maigadi yadda cikin yake in an ɗauke wuta. Ki kalla ki more, ban hana ki ba, Allah ya yi ido don kallo, ni ma da a ce kallo kawai na yi na dawo da lafiyata. Amma in kin ji kallon ya fara zama ciwo a ƙirji, in kin ji kina tuna gidanku kina jin haushi, to ki yi a'uziyya ki bar wurin.

Gidan Kabiru kuwa ba sai na ba ki labari ba, yau za ki kwana a ciki. Tayil har banɗaki, ƙofar ƙarfe mai gungurawa, ga fulawa an dasa. Babu zaure, baƙo daga waje sai falo. Ya karɓe ni kamar uba. Shi da kansa ya zuba min ruwan wanke hannu, ya hana matarsa. Ni kuma ina cin abincinsa ina ƙirga fitilun rufinsa. Ranar Lahadi da safe, muna shan shayi kafin ya kai ni tasha, ya ce, "Yaya, damina ta matso, an yi wa zaure yaɓe kuwa? In an tashi a gaya min, ina so in sa hannu." Magana ce ta ɗan da yake kewar gidan ubansa. Ni abin da kunnena ya ji shi ne, har yanzu kana cikin laka, Yaya. Na ce masa, "Kada ka damu, zan yi maganinsa." Ya ce madalla.

Da motarmu ta shigo ta Ƙofar Nasarawa na ga garinmu da wani ido daban. Lungunan da na tashi a cikinsu suka yi min ƙunci, katangun ƙasa suka yi min kama da talauci. Na tsaya a ƙofar gida da jakata a hannu, na dubi zauren Baba, maƙwabta suna kan dakali suna yi min sannu da zuwa, suna tambaya yaya Abuja. Kunya na ji. Allah ya yafe min, kunyar aikin ubana na ji.

Ban yi sati uku ba na yanke shawara: a rushe zaure, a yi shaguna uku na bulo da ƙofofin ƙarfe, a manna tayil a gaba, in ɗauki ɗaya in sa gilas. Ban gaya wa Kabiru ba, alhali gidan gado ne, yana da haƙƙi a ciki kamar yadda nake da shi. So nake ya zo ya gani ya san ba shi kaɗai ya iya zamani ba. Hajiya kuwa ƙarya na yi mata, na ce bango ya tsage, ina tsoron ya faɗo wa yara. Kin san ita ma ba ta kama sunana. Ta tashi da sandarta ta je ta shafa bangon kusurwa zuwa kusurwa, ta dawo ta ce, "Kai wannan, ban ga tsaga ba. Ubanka da ƙafarsa ya taka ƙasar nan." Na ce tsagar ta sama ce, idonta ba zai kai ba. Sannan ta ce a kira mata mai mota, za ta je Shahuci wurin ƙanwarta ta kwana biyu. Ba ta so ta ji ƙarar diga.

Kwana uku lebura shida suna dukan bakan gizon nan ya ƙi faɗuwa. Babbansu, wani dattijo, ya ajiye diga ya share gumi ya ce min, "Malam, ginin nan fa bai gaji ba. Ka tabbata?" Na ce masa aiki na kira shi, ba shawara ba. Da rufin ya zo ƙasa a rana ta uku sai da gidan ya girgiza, kika tsala ihu a bayan Innarku. Azarar da aka zaro daga ciki ko gara ba ta taɓa ba, masu gini suka yi ta rububinta. Farantin ko tuna shi ban yi ba, ya tafi cikin ɓaraguzai.

Ban san wanda ya kai wa Kabiru labari ba, ina zargin Hajiya. Ranar Asabar da la'asar sai ga shi, ko direba babu. Ya tsaya a gaban tulin ƙasar, cikin farar shadda mai sitaci. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya hau tulin ya fara tono da hannu. Maƙwabta suka taru, wani ya miƙa masa shebur ya ƙi karɓa, wai kada ya fasa. Har aka kira magariba yana tono. Da ya samo farantin, gefensa ɗaya ya lotsa, ya goge shi da gaban rigarsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Yaya, ni da ka ga ina kwana cikin tayil, in an tambaye ni daga ina nake, zauren nan nake ba da labari." Ya shiga mota ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Na so a ce zagina ya yi. Da na rama, da mun huce. Shekara ashirin da biyu ke nan muna gaisuwar salla da ta biki da ta mutuwa, yana ce min Yaya, ina ce masa Alhaji, ba wanda ya sake ta da zancen. Ban ƙara taka Abuja ba. Innarku ce da ta je suna ta dawo ta gaya min inda ya rataye farantin, na yi kwana biyu ba na cin abinci sosai. Kin ji wauta, abin da na zubar da hannuna shi nake ƙyashin wani ya tsinta.

Ki riƙe wannan da kyau. Abin da kuka haɗa da wani, ko tsintsiya ce, kada ki taɓa shi sai kin gaya masa. Kuma duk shawarar da kika dawo da ita daga tafiya, ki bar ta ta kwana arba'in kafin ki aikata. Idon matafiyi a bugu yake. In kin gina abu bai yi ba ana iya gyarawa, amma wanda aka rushe, magininsa kuma yana kabari, ban san yadda ake yi da shi ba.

Shagunan kin san su, a cikinsu kika girma. Gilashin da na sa bai shekara ba ƙwallon yara ya fasa shi, na mayar da katako. Tayil ɗin gaba rabi ya zube. Da bazara shagon nan tanda ne, in babu wuta sai in cire riga in zauna da singileti kamar mai gashin burodi. Da dakali ya tafi, majalisa ta tashi, duk dattawan da suke zama a ƙofarmu tun zamanin Baba suka koma zauren Malam Inuwa da ke kallonmu. Malam Inuwa fa, wanda nake yi wa dariya ina cewa rashin hali ne ya hana shi rushe nasa.

Ranar da Hajiya ta rasu na san abin da na yi. Aka dawo daga maƙabarta, mutane cike da lungu, babu inda za a zauna karɓar gaisuwa. Shago ba ya ɗaukar mutum biyar. Malam Inuwa ya zo ya kama hannuna ya ce, "Malam Garba, zaurena naka ne, ai babanka ne ya gina shi." Kwana uku muna zaman makokin uwata a zauren aro. Ni da Kabiru a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi rufi ya ce Allah ya jiƙan Malam Ado. Ni kuma ban iya ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Bayan nan ne kika dawo daga makaranta wata rana kika tambaye ni me ya sa gidan su Malam Inuwa yake da zaure mu ba mu da shi. Kina aji uku, da 'yar jakarki a wuya. Bakina ya riga hankalina, na ce ruwa ne ya kayar. Kika ce, "Allah sarki, Baba, ka yi kuka?" Na ce na yi. Innarku ta harare ni ta bayan labule, amma ta rufa min asiri har yau, kada ki ga laifinta. Maƙwabta ma da suka ji kina faɗa ba wanda ya ƙaryata ni, kin san mutanen cikin gari da kara.

Sai kuma duniya ta juya. 'Yan shekarun nan, duk Asabar da Lahadi sai ga baƙi a lungunmu, daga Abuja, daga Legas, har da Turawa. Samari da 'yan mata cikin kaya masu kyau, irin waɗanda na gani na raina kaina, su ne yanzu suke layi a ƙofar Malam Inuwa suna ɗaukar hoto. Wannan ta jingina da bango, wancan ya zauna a dakali ya gyara hula. Don su samu zauren ya fito sosai sai sun ja da baya har bakin shagona, su juya min ƙeya. Wata har ta ce min, "Baba, ɗan matsa da kekenka." Zauren nan bakan gizo biyu gare shi, Baba ya gina shi cikin gaggawa, ko rabin namu bai kai ba. Ina zaune ina taka keke ina cewa a raina, da kun ga namu. Ba zan ɓoye miki ba, akwai daminar da aka kwana ana ruwa, da gari ya waye na leƙa ina fatan in ga ya zube. Bawan Allahn da ya ba ni wurin makokin uwata! An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni na ga haka da idona, zauren yana nan daram.

Duk wannan bai ci min rai ba kamar lokacin da kika zo aikinki na gama jami'a. Wata biyu kina zauren Malam Inuwa da tef ɗin awo da kwamfuta, kina durƙushe a gabansa kina tambayarsa yadda ake ɗora azara, yadda ake dafa makuba a shafe bango. Shi da ko tubali ɗaya bai taɓa murzawa ba, ya zauna yana ba ki labari yana shafa gemu. Ni da na yi wa Baba miƙon ƙasa tun ina ɗan shekara bakwai, ina tsallaken lungu ina jin ku. Rannan na ji ya gaya miki wani abu ba daidai ba game da yadda ake lanƙwasa baka, na miƙe har na kai ƙofa, sai na koma na zauna. In na buɗe baki za ki tambaye ni namu, in kin tambaye ni namu za ki gane ginin da ya kai haka ruwan dare ɗaya ba ya kayar da shi. Ƙaryata ce ta rufe min baki. Da kika kawo min littafin aikin na ga kin rubuta godiya ga Malam Inuwa a shafin farko, na ce miki ya yi kyau, na shiga bayan gida na daɗe.

Kada ki yi wa na ƙasa da ke ƙarya don ki tsira da mutunci a idonsa. Yaro girma yake yi, ƙaryar kuma ba ta girma tare da shi, wata rana sai ta matse. Na yi ta don kada in rasa girmana a wurinki, sai ta hana ni ba ki abu ɗaya tak da na sani wanda kike nema.

Yanzu ma da nake rubutun nan ba wai na warke ba ne, kada ki ɗauka tuba ya gama wanke ni. Tun da takardarki ta fito kike cewa Baffa ya ce kaza, Baffa zai turo mota tasha, Baffa ya san wani ofishi. Duk lokacin da kika faɗa sai na ji kamar an soka min allura. Ya tafi da farantin, yanzu ga shi zai tafi da ke. Za ki zauna a falonsa mai sanyi, ya zagaya da ke gari ranar Asabar kamar yadda ya yi min, ya kama hannunki a matakala. Ina kishi, Ummi, na faɗa. Amma wannan ciwona ne, ba naki ba, kada ki ɗauke shi ki kai gidan mutane. Baffanki ubanki ne. Ki yi masa biyayya, ki taya matarsa aiki ba sai an ce ki yi ba, kada ki shiga tsakaninsa da 'ya'yansa. Kada kuma ki roƙe shi farantin don ki faranta min. Shi ya tona, nasa ne.

In kin gama karantawa kin ji ba kya son jin muryata na ɗan lokaci, ba zan ga laifinki ba. Ki dai riƙa kiran Innarku.

A bayan takardar nan za ki ga zane. Da fensirin shago na yi shi, ki yi haƙuri da hannun tela. Na auna wurin da tef ɗina tun daga bakin kwata har ƙofar tsakar gida, ta cikin shagunan, masu haya suna kallona kamar na taɓu. Na sa faɗin bango, da tsayin dakali, da inda kowane baka ya taso, da inda indararo yake zubar da ruwa. Abin da Malam Inuwa ya gaya miki ba daidai ba na gyara shi a gefe. Ban ce ki gina ba. Ina so dai ya zama akwai shi a wani wuri ban da kaina, kuma a hannun jikar Malam Ado.

Abu ɗaya ne na bari fari, tsakiyar rufin. Na yi sati ina ƙoƙarin tuna launin furen da ke cikin farantin nan, ja ne ko shuɗi, na kasa. Shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashinsa, Ummi, na kasa. In kin isa, kin yi salla, kin ci abinci, ki tsaya a gabansa ki kira ni. Amma kada ki gaya min da bakinki. Ki miƙa wa Baffanki wayar, ki ce Yayansa ne yake tambaya. In ya karɓa, ki fita ki ja mana ƙofa.

Allah ya sauke ki lafiya, ya tsare mutuncinki da addininki, ya ba ki ido mai gani da zuciya mai wadatuwa da abin da ya ba ta. Ya raba ki da ciwon da ya kama ubanki. Allah ya jiƙan Baba da Hajiya, ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Wayata tana aljihun gaba, na cika ta da caji tun da asuba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Tela